Tom Brady: yadda na 199 a layi ya ƙare da kofuna bakwai

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ƙwallon Ingila nake kallo. Tun da na ji wani Ba'amurke mai suna Tom Brady ya sayi hannun jari a Birmingham City nake ta jin ana cewa babu kamarsa a tarihin ƙwallon Amurka. Na nemi bidiyonsa na kalla, ban ga gudu ba, ban ga yanka ba, tsayawa kawai yake yi ya jefa ƙwallo. An kuma ce da farko babu ƙungiyar da ta damu da shi. Shin mene ne aikin kwatabak ɗin nan, kuma yaya aka yi wanda aka raina ya wuce kowa? Iyawa ce, ko sa'a, ko kuwa koci ya dace da shi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka uku ce a dunƙule: me kwatabak yake yi a fili, me ya sa ƙungiyoyi suka yi ta tsallake Brady, sannan wa ya fi cancanta da yabon kofunan nan bakwai. Idonka bai yaudare ka ba, Brady ba shi da gudu, ko yana saurayi ma ba shi da shi. Sai dai galibin aikinsa yana ƙarewa ne kafin ƙwallo ta bar hannunsa, kuma guntayen bidiyon da ake yaɗawa daga jifan suke farawa. A Amurka nake zaune, ina taimaka wa kocin wata makarantar sakandare wajen horar da yaran da ke riƙe wannan matsayi, don haka da idon mai koyarwa zan ba ka amsa.

Aikin kwatabak

Kowane ɓangare mutum 11 yake sawa a fili kamar yadda ka saba, amma masu kai hari daban, masu tsaron gida daban. Da zarar ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, sai sha ɗayan nan su fita wasu su shigo. Tsawon filin yadi 100 ne. Ana ba masu hari dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci a sabunta musu wasu huɗun, in sun kasa ƙwallo ta koma ɗaya ɓangaren. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci tacdawun, maki shida ke nan, wanda ya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin sanduna ya ci uku.

Kusan duk harin da za a kai, hannun kwatabak ƙwallo take fara shiga. A cikin hular kwanonsa akwai 'yar na'urar da koci yake yi masa magana ta cikinta, ya faɗa masa dabarar da za a bi. Tsakanin hari da hari daƙiƙa 40 ake bayarwa, kuma idan saura 15 sai a katse maganar kocin. Daga nan kwatabak shi kaɗai ne da kansa.

Ga abin da nake koya wa yara a wannan ɗan taƙin. Ka isa bayan wanda zai miƙo maka ƙwallo, kada ka kalli abokanka, ka ɗaga kai ka duba can ƙarshen masu tsaro. Mutum biyu ne a baya ko ɗaya? In biyu ne, jifa mai nisa zai yi wuya, amma an rage mutane a gaba, gara a ba mai gudu ƙwallo. In ɗaya ne, ɗayan ina ya tafi? In ya matso kusa, wataƙila shi za a sako maka da gudu, kuma ƙattin nan biyar da ke tare maka gaba ba za su iya riƙe mutum shida ba. To ko dai ka sauya dabarar da koci ya ba ka, ka sanar da mutum goma cikin ihun 'yan kallo, ko ka san wanda za ka jefa wa nan take. In ka lura a bidiyon Brady za ka ga yana nuna wani ɗan wasan abokan karawa da yatsa yana kiran lambar rigarsa. Yana gaya wa masu kare shi ne daga kan wa za su fara lissafin wanda kowa zai tare.

Bayan an miƙo ƙwallo, abin da ya rage masa bai fi daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku ba kafin wani ƙato mai nauyin kilo 120 ko fiye ya iso kansa. A cikin wannan lokaci zai duba na farko, in a tsare yake ya koma na biyu, na uku, kuma ba inda mutum yake tsaye zai jefa ba, inda zai kai ne bayan ƙwallon ta sauka. Masu tsaro kuma ba wawaye ba ne, suna nuna maka siffa ɗaya kafin a fara, su rikiɗe zuwa wata da zarar an fara.

A wajenmu, yaron da ya fi kowa ƙarfin dantse shi ne sau da yawa ya fi wuyar koyarwa. Tun yana ƙarami ƙarfin ke fitar da shi, don haka yakan ƙura wa mutum ɗaya ido har mai tsaro ya karanta fuskarsa ya tare ƙwallon. Wanda hannunsa matsakaici ne dole ta sa ya koyi karatun fili da wuri. Brady yana cikin kashi na biyu.

Daga San Mateo zuwa lamba 199

An haife shi ranar 3 ga Agusta 1977 a San Mateo ta jihar Kalifoniya, shi ne auta kuma namiji tilo bayan mata uku. Ya tashi yana ƙaunar Joe Montana na San Francisco 49ers, wanda ya ci Super Bowl huɗu, wato wasan ƙarshe da ke fitar da zakaran NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. A sakandare ya iya wasan besbol har ƙungiyar Montreal Expos ta zaɓe shi a 1995, amma ya tafi Jami'ar Michigan don ya buga ƙwallon Amurka. A can ya sha zaman benci. A 1997, shekarar da Michigan ta zama zakara, Brian Griese ne kwatabak, Brady na gefe yana kallo. Da ya samu gurbi a 1998 da 1999 ma ba a sakar masa shi gaba ɗaya ba, domin an kawo wani yaro Drew Henson da ake ta zuzutawa, har a shekarar ƙarshe koci yana raba musu lokacin wasa. Wasansa na bankwana shi ne Orange Bowl a Janairun 2000, inda suka doke Alabama 35 da 34 a ƙarin lokaci, ya jefa yadi 369 da tacdawun huɗu.

A Amurka ba a sayen matashin ɗan wasa daga ƙaramar ƙungiya kamar yadda ake yi a Turai. Kowace shekara ƙungiyoyin NFL suna zama su zaɓi waɗanda suka gama buga wa jami'o'i, ɗaya bayan ɗaya, zagaye bakwai, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka. Kafin zaɓen ana tara matasan a Indianapolis a auna su: tsayi, nauyi, tsalle, gudu. Brady ya yi gudun yadi 40 a daƙiƙa 5.28, wanda ga kwatabak abin dariya ne. Hotonsa na ranar yana nan yana yawo har yau, ba riga, kafaɗu a zube, babu alamar ya taɓa ɗaga ƙarfe.

Aka zaɓi kwatabak shida kafin shi: Chad Pennington, Giovanni Carmazzi, Chris Redman, Tee Martin, Marc Bulger da Spergon Wynn. Carmazzi kuwa 49ers ce ta ɗauke shi, ƙungiyar garinsu Brady, kuma bai taɓa buga wasan gasa ko ɗaya ba. Sai a zagaye na shida New England Patriots ta kira sunan Brady, shi ne na 199.

Mutane suna son su ce masu zaɓen nan makafi ne. Ni ban yarda ba. Mai zaɓe yana duba abin da za a iya aunawa, ya kuma tambayi kansa: in da yaron nan gwani ne, me ya sa kocinsa na jami'a bai yarda da shi ɗari bisa ɗari ba? Tambaya ce mai ma'ana. Ita kanta Patriots sau shida tana zaɓar wasu ta bar shi a wannan shekarar, in da ta san abin da ke ciki da ba ta yi gangancin jira ba. Kocin kwatabak ɗinta Dick Rehbein ne ya nace a kansa, kuma Allah bai nuna masa sakamakon ba, ya rasu a Agustan 2001. Abu mafi muhimmanci a ganina shi ne, Bradyn da duniya ta sani babu shi a 2000. Abin da ke akwai yaro ne mai daidaiton jifa da sanyin zuciya da naci. Sauran daga baya aka gina.

Ranar da Bledsoe ya faɗi

A kakarsa ta farko shi ne na huɗu a layin kwatabak, jifa uku kacal ya yi a duk shekarar, aka cafke ɗaya. Mai gurbin shi ne Drew Bledsoe, wanda a Maris 2001 ya sa hannu a kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 103. Babu wanda ke zaton za a taɓa shi.

Ranar 23 ga Satumba 2001, a wasa da New York Jets, Mo Lewis ya yi wa Bledsoe wata irin bangaza a gefen fili da ta tsinka masa jijiyar jini a ƙirji, sai asibiti. Brady ya shiga. Da Bledsoe ya warke, koci Bill Belichick ya ƙi mayar masa da gurbinsa, hukuncin da a lokacin mutane da yawa suka ɗauka rashin hankali ne.

Ka tambayi batun sa'a, to ga ta nan a fili. Ranar 19 ga Janairu 2002, a wasan sili-ɗaya-ƙwale da Oakland Raiders cikin dusar ƙanƙara, Patriots na baya da maki uku, saura ƙasa da minti biyu, Charles Woodson, tsohon abokin wasansa a Michigan, ya buge shi ƙwallo ta suɓuce, Raiders suka ɗauka. Wasa ya ƙare ke nan. Sai alƙalin wasa ya duba bidiyo ya jawo wata doka da galibin 'yan kallo ba su taɓa ji ba, cewa tunda hannunsa ya riga ya fara motsi gaba, jifa ce da ba ta kai ba, ƙwallo ta Patriots ce. Mai bugun ƙafa na Patriots, Adam Vinatieri, ya buga daga yadi 45 cikin ƙanƙarar nan ya farke, ya sake bugawa a ƙarin lokaci suka wuce. An soke wannan doka a 2013. Har gobe magoya bayan Raiders ba su huce ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Makonni biyu bayan haka suka haɗu da St. Louis Rams a Super Bowl, ƙungiyar da ake ganin za ta yi musu kaca-kaca. Masu tsaron Belichick ne suka ci wasan nan. Brady yadi 145 kawai ya jefa. Amma da aka yi kunnen doki 17 da 17, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, har mai sharhi John Madden yana cewa gara su lallaɓa a tafi ƙarin lokaci, sai yaron ɗan shekara 24 ya yi ta jefa gajeru gajeru har ya kai su inda Vinatieri zai iya bugawa. Aka tashi 20 da 17.

Brady na farko da Brady na biyu

Idan ana gardamar wa ya ɗauki wa, ina raba rayuwar wasansa gida biyu. A kofuna ukun farko, na Fabrairun 2002 da 2004 da 2005, Patriots ƙungiyar tsaro ce, aikin Brady shi ne kada ya ɓata, kuma in an zo ƙarshe ya ƙarasa. Duka ukun da tazarar maki uku aka ci su. Daga 2007 labari ya sauya. Aka kawo masa Randy Moss da Wes Welker, ya jefa tacdawun 50, Moss kaɗai ya cafke 23, suka ci wasanni 16 na kakar ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba.

Wanda ya tare su a Super Bowl ita ce New York Giants, 17 da 14, kuma yadda ta yi ya nuna maganin irin Brady. Ba ta tura mutane da yawa kansa ba, domin in ka yi haka ka bar gurbi a baya kuma zai gani. Mutum huɗu na gaba ta dogara da su, su fasa katanga da kansu, sauran bakwai su tsare fili. Sau biyar aka kayar da shi da ƙwallo a hannu. A cikin huɗun nan akwai Michael Strahan da Justin Tuck da Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne kuma ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Najeriya. Umenyiora yana nan kuma a Fabrairun 2012 da Giants ta sake doke su 21 da 17. Shi ne a yanzu yake jagorantar neman matasan Afirka masu jikin wasan don a kai su NFL.

A wasan farko na kakar 2008 aka tsinka wa Brady jijiyar gwiwa, ya yi zaman shekara guda. Daga 2005 har 2015 bai sake ɗaga kofi ba, shekara goma cur, abin da masu ba da labarinsa suke yawan tsallakewa. A 2014 Patriots ta zaɓi Jimmy Garoppolo a zagaye na biyu, alamar an fara shirin bayansa. Brady yana dab da cika shekara 37 a lokacin. Bayan nan ne ya ci kofi huɗu.

Na Fabrairun 2015 ma akwai hannun wani a ciki. Brady ya dawo da su daga 24 da 14 zuwa 28 da 24, amma Seattle ta kai yadi ɗaya daga ƙarshen fili, saura daƙiƙa ashirin da 'yan kai, ga mai gudu da ƙwallo Marshawn Lynch da ba a iya tare shi, sai suka zaɓi jifa. Wani sabon yaro Malcolm Butler, wanda ko zaɓensa ba a yi ba, ya tsinke ƙwallon. Motar da aka ba Brady ta gwarzon wasa, Butler ya bai wa.

Wasan da ba wanda zai raba shi da shi shi ne na 5 ga Fabrairu 2017 da Atlanta Falcons. A zango na uku cikin huɗu na wasan, Atlanta na da 28, Patriots na da 3. Babu wanda ya taɓa dawowa daga irin wannan rami a Super Bowl. Na sha zaunar da yaranmu mu kalli zango na huɗu, kuma abin da nake nuna musu shi ne bai taɓa neman ya biya bashin a jifa ɗaya ba. Yadi shida, yadi tara, yadi sha biyu, mafi yawa ga James White wanda ya cafke 14 a ranar. Masu tsaron Atlanta sun daɗe a fili har ƙafafunsu suka mutu. Ita ma Atlanta ta taimaka: tana gaba 28 da 20, ta kai inda bugun ƙafa ɗaya zai rufe wasan, sai ta nace da jifa, aka kayar da kwatabak ɗinta Matt Ryan, aka kuma hukunta su, suka koma baya. Patriots ta ci 34 da 28 a ƙarin lokaci, karon farko da aka kai ƙarin lokaci a Super Bowl. Brady ya jefa sau 62, aka cafke 43, yadi 466.

Shekara guda bayan haka ya jefa yadi 505 amma Philadelphia ta doke su 41 da 33. A 2019 kuwa ya yi wasa mai rauni, aka ci Rams 13 da 3 da ƙarfin masu tsaro. Ka ga ranar da ya fi iyawa ya faɗi, ranar da bai taɓuka abin kirki ba ya ɗaga kofi, shi ya sa ƙidayar kofuna kaɗai ba ta isa ma'aunin kwatabak ba.

Abin da ya sa ya daɗe

Matsakaicin ɗan wasan NFL ba ya cika shekara huɗu a gasar. Brady ya yi 23, ya bari yana da 45. Shi yana danganta abin da tsarin cin abincinsa da barci da wuri da irin tausar da mai horar da jikinsa Alex Guerrero yake yi masa, har suka mai da abin kasuwanci da sunan TB12. Kula da jiki gaskiya ne, amma wasu daga cikin iƙirarin, irin su guje wa tumatir ko cewa yawan shan ruwa yana hana ƙunar rana, likitoci ba su goyi bayansu ba, kuma ba na bari yaranmu su ɗauke su.

Dalilin da na fi gamsuwa da shi a salon wasansa yake. Wanda ya dogara da gudu, ranar da ƙafa ta gaji ya ƙare, kuma kafin nan ya sha duka. Brady ba shi da gudun da zai rasa. Yana sakin ƙwallo da wuri, in babu kowa ya jefar da ita waje, in ƙato ya iso ya durƙushe kafin a buge shi, ba ya jin kunyar hakan. Ka kalli ƙafafunsa: taku ɗaya gaba, rabin taku gefe, mai zuwa da gudu ya wuce ta bayansa, idonsa kuma bai bar can gaba ba. Wannan shi ne abin da na fi shan wahalar koyarwa, domin jiki da kansa yake son ya kalli wanda zai buge shi. Sannan kowace shekara karatun filinsa ƙaruwa yake, har ya kai babu siffar da masu tsaro za su nuna masa da bai taɓa gani ba. Dokoki ma sun taimake shi: daga 2004 aka tsananta hana riƙe masu cafke ƙwallo, daga 2009 aka ƙara tsaurara hana kai wa kwatabak hari a gwiwa.

Akwai kuma batun kuɗi. A NFL akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, babu wani attajiri da zai zo ya zuba kuɗi ya sayi kowa kamar yadda aka gani a Chelsea ko Manchester City. In kwatabak ya kwashe kaso mai yawa, dole a sallami wasu. Shekaru da dama Brady yana karɓar ƙasa da abin da takwarorinsa ke karɓa don a samu na riƙe sauran. Sauƙin hakan a wajensa, matarsa ta lokacin Gisele Bündchen tana cikin masu tallan kayan ƙawa da suka fi kowa samun kuɗi a duniya.

Shi ne ko Belichick?

Masu cewa koci ne suna da hujja: a 2008 da Brady ke jinya, Matt Cassel, wanda ko a jami'a bai riƙe gurbi ba, ya ci wasa 11 cikin 16 da ƙungiyar. Sannan rukunin da Patriots take ciki ya daɗe da rauni, sau 17 suna zama na ɗaya a cikinsa a zamanin Brady.

Ɗaya ɓangaren ya samu tasa hujjar a 2020. Brady ya bar New England bayan shekara 20 ya koma Tampa Bay Buccaneers a kan dala miliyan 50 na shekara biyu. Rabon Tampa da wasannin sili-ɗaya-ƙwale tun kakar 2007. A 2019 kwatabak ɗinta Jameis Winston ya jefa tacdawun 33 amma sau 30 yana jefa wa abokan karawa. Brady ya zo ya jefa 40, aka tsinke masa 12. Suka bi Washington da New Orleans da Green Bay har gida suka doke su, sannan suka lallasa Kansas City ta kwatabak Patrick Mahomes 31 da 9 ranar 7 ga Fabrairu 2021, yana da shekara 43. Ita kuwa Patriots ta ci 7 ta faɗi 9 a wannan kakar, a 2023 ta ci 4 ta faɗi 13, aka rabu da Belichick a Janairun 2024.

Hukuncina shi ne, ba don Belichick ba da wuya Brady ya samu gurbi ya riƙe, kuma kofuna ukun farko rabon kocin ya fi yawa. Daga 2007 zuwa sama nauyin ya koma kan Brady. Sai dai ka riƙe wannan a matsayin ra'ayin mai kallo daga waje. Ni yaran sakandare nake koyarwa, tazarar da ke tsakaninsu da NFL ba kaɗan ba ce, kuma ko a wasan Kansas City ɗin, masu tsaron Tampa ne suka hana Mahomes tacdawun ko ɗaya, ga shi manyan masu kare shi biyu suna jinya.

Tabon da ke jikin tarihin

A 2007 an kama Patriots tana ɗaukar bidiyon alamun da kocin Jets ke yi wa 'yan wasansa daga wurin da doka ta hana. Aka ci Belichick tarar dala 500,000, ƙungiya 250,000, aka ƙwace mata zaɓen zagayen farko. Wanda ya shafi Brady kai tsaye shi ne na Janairun 2015, a wasa da Indianapolis Colts, inda aka ce an rage iskar ƙwallayen Patriots ƙasa da ƙa'ida don su yi daɗin riƙo. Binciken da NFL ta sa aka yi ya ce mafi rinjayen zato Brady yana da masaniya, kuma lalata wayarsa da ya yi a lokacin binciken bai taimake shi ba. Masu kare shi suka ce sanyi kaɗai yana rage iskar ƙwallo, wanda gaskiya ne a kimiyyance, kuma bayan an gyara ƙwallayen a hutun rabin lokaci ne Patriots ta ci 28 ba ko ɗaya, aka tashi 45 da 7. An kai har kotu, a ƙarshe ya yi zaman dakatarwa na wasa huɗu a 2016. A wajen fili kuma ya yi wa kamfanin kuɗin intanet FTX talla, kamfanin ya rushe a Nuwamban 2022 da kuɗin jama'a, aka haɗa da shi a ƙarar da waɗanda suka yi asara suka shigar.

Barin wasan ma bai zo masa da sauƙi ba. Ya sanar da ritaya a Fabrairun 2022, bayan kwana 40 ya ce ya fasa, a Oktoban shekarar aurensa ya mutu, sai 1 ga Fabrairu 2023 ya bari gaba ɗaya. Ya tafi da Super Bowl bakwai cikin goma da ya buga, fiye da abin da kowace ƙungiya ta taɓa ci a lokacin, da yadi 89,214 da tacdawun 649 a wasannin kaka, da kyautar gwarzon gasa sau uku, a 2007 da 2010 da 2017. A Agustan 2023 ya shiga Birmingham City da ƙaramin kaso, ƙungiyar ta faɗa League One a 2024, ta dawo a 2025 da maki 111. Yana da ɗan kaso a Las Vegas Raiders, ƙungiyar da aka yi wa hukuncin nan na 2002, kuma yana sharhi a tashar Fox a kan dala miliyan 375 na shekara 10, wanda ya fi duk albashin da ya karɓa yana wasa.

In kana son ka ga kwatabak mai gudu da yanka irin wanda idonka ya nema, Mahomes za ka kalla. Ya fi Brady baiwar jiki nesa ba kusa ba, kuma ya ci Super Bowl uku, a 2020 da 2023 da 2024, kafin ya cika shekara 29. Ya nemi na huɗu a Fabrairun 2025 Philadelphia ta doke su 40 da 22, Brady na zaune a ɗakin sharhi yana bayani. Kafin ya kamo bakwai sai ya sake cin huɗu, a gasar da aka tsara ta musamman don kada ƙungiya ɗaya ta daɗe a sama, kuma sai jikinsa ya yarda ya kai shi shekara arba'in da salon da yake sa shi shan bugu fiye da yadda Brady ya sha.